Akwati Mai Kwaɗo Uku

Shekarata goma sha biyu ranar da na fara ganin akwatin nan. Hutun ƙarshen shekara ne, Baba ya damƙa ni hannun wani direba a tashar Katsina, muka bi ta Jibiya da Ɗan Isa, aka sauke ni wajen Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a wani ƙauye kudu da Maraɗi. Kwana uku da zuwana, ranar Laraba da la'asar sakaliya, ta ce in naɗe tabarma in biyo ta. A gindin wani dogon yaro da ke bayan gidan mai gari muka tarar da mata wajen talatin sun yi da'ira, masu goyo da tsofaffi, har da amaryar da lallenta bai goge ba. A tsakiyarsu an ajiye wani akwatin ƙarfe shuɗi, bai kai rabin na 'yan makarantar kwana ba, da kwaɗo uku rataye a jikinsa.

Mata uku suka taso ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kwance haɓar zanenta ta fiddo mabuɗi. Ta huɗu, wadda akwatin ke kwana ƙarƙashin gadonta, ba ta da mabuɗi ko ɗaya. Aka buɗe a gaban kowa, aka juye kuɗin a faifai, mata biyu suka ƙirga da ƙarfi, sauran suka amsa cewa haka aka bar shi makon jiya. Sannan aka shiga kiran suna. Kowace ta zo ta ajiye dala ashirin, sefa ɗari ke nan, wadda ta makara ta ƙara da tarar dala biyar. Babu takarda, babu alƙalami, domin babu wadda ta yi lakwal, wato makarantar boko, a cikinsu. Kowace mace tana riƙe da lissafin wadda ke zaune a damanta: nawa ta ranta, yaushe za ta mayar, nawa ya rage.

A hanyar komawa gida na ce, "Gwaggo, ashe adashe kuke yi."

Ta ce, "A'a, ɗiyata, wannan asusu ne. Adashe kwasa ake yi a watse. Wannan kuwa haihuwa yake yi kamar akuya."

Sai da na girma na san cewa abin da na gani a gindin bishiyar nan yana da suna da tarihi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani aiki a jihar Maraɗi, wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norwe, Moira Eknes, ta zauna da matan ƙauyukan yankin, suka ɗauki adashen da iyayensu da kakanninsu suka sani suka yi masa gyara. Sunan da aka raɗa wa tsarin na Hausa ne: Mata Masu Dubara. Gyaran ba shi da yawa, amma ya taɓa daidai inda adashe ke da rauni. A adashe sai layinki ya zo za ki kwasa, alhali ciwon yaro ba ya jiran layi, kuma idan uwar adashe ta ci amana, shi ke nan, sai Allah ya isa. A asusu kuɗin na nan cikin akwati, mai buƙata ta ranta ta yi sana'a, ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen shekara a fasa a raba uwar kuɗi da ribarta. Akwai kuma ɗan ƙaramin zubi na daban da ake warewa don rashin lafiya ko rasuwa ko gobara. Mai koyarwa takan zo na wasu watanni, idan ƙungiya ta tsaya da ƙafarta sai ta wuce gaba. Babban abin shi ne ko dala ɗaya ba a kawo daga waje an zuba cikin akwatin ba.

Wannan ya saɓa wa duk abin da ƙauyen Gwaggo ya saba gani. Tun kafin akwatin sun ga furoje iri-iri, kamar yadda suke kiran ayyukan ƙungiyoyin agaji. Wanda na gani da idona shi ne injin niƙa. Wata ƙungiya ce ta kawo shi da sunan rage wa mata wahalar daka, aka yi biki, aka ɗauki hotuna, aka kafa kwamiti wanda maza ne suka riƙe kuɗinsa. Bai cika shekara biyu ba wani ƙarfe ya karye, aka ce sai Kano ko Yamai ake samun irinsa, kuɗin gyara kuwa an nema an rasa. Lokacin da na zo, injin na cikin wata rumfa ya yi tsatsa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, mata sun koma ga turmi da taɓarya tun asuba. Waɗanda suka kawo shi da kyakkyawar niyya suka zo, ban taɓa shakkar haka ba. Kuskurensu shi ne sun tambayi abin da matan ba su da shi, ba su tambayi abin da suka iya ba.

A shekarun nan duniya ta riga ta farka da batun mata. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taronta na farko kan mata a Meziko a 1975, aka yi na Nairobi a 1985, sannan na Beijin a 1995, wanda har yau ake ambato. A fannin talauci kuwa, idon kowa na kan Bangaladash, inda Muhammad Yunus ya fara ba talakawa ƙananan rance a ƙauyen Jobra a 1976, har abin ya zama bankin Grameen a 1983, daga baya aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2006. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan tafiya shi ne talaka mace jari ta rasa, a kawo mata daga banki. Ya taimaki mutane da yawa, ya kuma jefa wasu cikin ƙangin bashi, kamar yadda ya faru a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, inda tilas gwamnati ta taka wa masu ba da rancen burki.

Matan Maraɗi daga wani wuri daban suka faro. Mai soya ƙosai ko mai tuyar ƙuli-ƙuli tana samun 'yan kuɗi kowace rana, abin da ba ta da shi shi ne wurin da kuɗin za su kwana lafiya. Na daɗe kafin in gane cewa kwaɗo ukun nan ba don ɓarawo kaɗai aka rataya su ba. Don maigida ne da zai ce "ranta mini zuwa ranar kasuwa", don ƙani ne da ya zo da labarin matsala, don bikin 'yar ƙawa ne, don zuciyar ita mai kuɗin ce idan dillaliya ta shigo da sabuwar atamfa. Mace ba ta iya ce wa mijinta "ba zan ba ka ba" cikin sauƙi. Amma tana iya cewa "suna cikin asusu", kuma gari duka ya san ba ta da ikon buɗewa ita kaɗai. Babu fitina, babu wanda aka ci wa fuska, kuɗi kuma sun tsira. Ban san wata takardar manufa da aka rubuta a manyan biranen duniya da ta fahimci zaman auren ƙauye kamar yadda kwaɗon nan suka fahimce shi ba.

Da rabon farko Gwaggo ta sayi jar akuya, irin ta Maraɗi mai yawan haihuwa. Da na biyu ta sayi buhun gyaɗa da kaka, ta riƙa fitar da mai tana tuya har bazara. Ba ta yi arziki ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yi ba. Kalmarta kullum ita ce rufin asiri. Na zauna a tarurruka da dama daga baya inda ake ta maimaita "daidaiton jinsi" da "ƙarfafa mata", kalmomin da aka juyo daga Turanci da Faransanci, waɗanda idan an faɗe su a zauren mai gari sai ka ga fuskokin dattawa sun canza. Su matan ban taɓa jin sun faɗe su ba. Abin da suke cewa shi ne: yanzu idan yaro ya kwana da zazzaɓi ba na jiran kowa kafin in kai shi likita; yanzu idan an yi haihuwa ina fita kunyar biki; yanzu idan na yi magana a gida ana saurare. Duk abin da manyan kalmomin nan ke nufi yana cikin waɗannan maganganu, sai dai babu mai jin an zo raba shi da matarsa ko da addininsa.

Shekarar da aka fara asusu a Maraɗi, wani abu ya faru a Yamai. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka fito kan titi suka yi maci zuwa ofishin firaminista, domin kwamitin da ke shirya babban taron ƙasa mace ɗaya tak aka sa a cikinsa. Aka ƙara musu kujeru, kuma har yau 13 ga Mayu ita ce ranar matan Nijar. Waɗancan 'yan boko ne, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan ƙungiyar ƙwadago, ba su san Gwaggo ba, ita ma ba ta san su ba. Amma hanyoyin biyu sun haɗu. A shekara ta 2000 aka yi dokar da ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. Majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce a cikinta, ta 2004 kuwa mata 14. Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, jam'iyyu na neman matan da za su cike gurbi, sai ga shi a ƙauyuka akwai waɗanda suka shekara goma suna jagorantar taro kowane mako, suna yanke tara, suna sasanta rigimar kuɗi. Da dama daga cikin matan asusu suka tsaya takarar kansila, wasu suka ci. Shugabar ƙungiyar su Gwaggo ba ta kai nan ba, amma ita ce ta tsaya gaban mai gari da baƙin da suka zo daga Maraɗi ta ce a haƙa sabuwar rijiya kusa da gari, ba can bakin gonar wani mai faɗa a ji ba. A nan aka haƙa ta.

Akwai maganar da ma'aikatan agaji da yawa suka riƙa kauce wa, ita ce ta riba. Ƙarin da ake ɗorawa kan rance ya dami mata masu tsoron Allah, kuma damuwarsu gaskiya ce. Cewa ribar tana komawa ga su masu zubin bai gamsar da kowa ba. A ƙauyen Gwaggo sun kai maganar gaban liman, ya ce musu ƙarin da aka sharɗanta kan bashi ba shi da wani suna sai riba. Ba su watse ba. Suka mayar da rance ba ƙari, suka ɗan ɗaga zubin mako, sannan suka riƙa sayen gero da wake da kuɗin asusu lokacin kaka su adana, su sayar idan kaya sun yi daraja. Ribarsu ta koma ta ciniki. Babu wani ƙwararre da ya tsara musu wannan, su da malaminsu suka warware.

Sai 2005 ta zo ta nuna iyakar akwatin. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta cinye abin da ya rage a wasu yankuna, da bazara farashin gero ya fi ƙarfin talaka, ga shi kasuwannin Maraɗi cike da hatsin da ba mai iya saye. Shugaba Tandja Mamadou ya ƙi yarda a kira abin yunwa. Su Gwaggo suka dakatar da zubi, suka fasa akwati kafin lokaci suka raba, abin da kowace ta samu ya riƙe gidanta 'yan makonni. Bayan nan sai ganye da anza. Jikanta ɗaya ya rame har ba ya iya kuka, aka ɗauke shi zuwa cibiyar masu tamowa da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta buɗe a Maraɗi, inda aka yi jinyar dubban yara a shekarar. Yaron ya rayu, yau magidanci ne. Duk lokacin da na ji wani ya ce agajin ƙasashen waje ba shi da wani amfani, shi nake tunawa. Asusun mata talatin ba ya gina asibiti, ba ya biyan malamin makaranta, ba ya sauko da farashin gero.

Ba ya kuma ƙara faɗin gona. A al'adar noman yankin akwai gandu, gonar gida da kowa ke yi wa aiki, akwai kuma gamana, ɗan filin da ake yanka wa mace ta noma abin kanta. Da jama'a suka yawaita, gonaki suka rarrabu tsakanin magada, gamanar mace ce farkon abin da ake janyewa. Gwaggo ta noma tata shekara da shekaru, surukarta kuwa ba a ba ta ko taki ɗaya ba. Binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, kuma alƙaluman UNICEF sun daɗe suna nuna cewa kusan uku cikin kowane 'yan mata huɗu ana aurar da su kafin su cika 18. Nijar ta amince da yarjejeniyar kawar da wariya ga mata a 1999 amma ta keɓe wasu sassa, majalisarta kuma ta ƙi yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006. Wani abin da ya fi ci mini rai, wanda ba ya fitowa a rahoto, shi ne magidantan da suka ga matansu sun fara samu sai suka zame daga cefane. Na san matar da ribar asusunta duka ta koma sayen gishiri da sabulu da maganin yara, abubuwan da a da haƙƙin mijinta ne. Aiki ya ƙaru a kanta, abin hannunta bai ƙaru ba.

Masu bincike ma sun zo sun auna. Dean Karlan da abokan aikinsa sun bi irin waɗannan ƙungiyoyi a Gana da Malawi da Yuganda, suka wallafa sakamakonsu a 2017: sana'o'i sun ɗan bunƙasa, bakin mata ya ƙara nauyi a shawarar gida, amma ba su ga shaidar cewa abin da gidajen ke ci da sha ya ƙaru a matsakaici ba. Da na karanta ban yi mamaki ba. Abin da Gwaggo ta faɗa ne tun farko, rufin asiri.

Dalilin da ya sa har aka yi bincike a Malawi da Yuganda shi ne tsarin ya bar Maraɗi tuntuni. Ya bazu cikin Nijar, ya tsallaka zuwa Zimbabuwe da Mozambik da Zanzibar, wasu manyan ƙungiyoyi suka ɗauka suka sa masa sunayensu, Oxfam ta yi nata a Mali, har ya kai Asiya da Latin Amurka, miliyoyin mutane suka shiga. A hanya sunan Hausar ya faɗi, aka koma kiransa VSLA. Da wannan suna ya dawo mini. Ina zaune a ɗakin taron wani otal a Kano, wata ƙungiya ta gayyace mu horo, wani ƙwararre ya haska hoton akwati mai kwaɗo uku a bango, yana yi mana bayaninsa da Turanci a matsayin sabuwar dabarar da za a gwada a kan matan karkararmu. Kwana biyu ana magana, ba a ambaci Maraɗi ko sau ɗaya ba, garin da motar haya ke kaiwa a yini guda daga inda muke zaune. Matan da suka gina abin da sefa ɗari-ɗari, a takardun da aka raba mana sunansu "masu cin gajiya". Na ɗaga hannu na faɗi abin da na sani, muryata na rawa. Mutumin ya yi godiya, ya rubuta a takardarsa, aka ci gaba. Raina ya ɓaci ranar nan, kuma har yau ina ganin ɓacin ran yana kan hanya, domin wanda aka ɗauka mai karɓa ne kawai ba a neman shawararsa, kuma daga rashin neman shawarar ne injin niƙa ke ƙarewa a rumfar kaji.

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa yankin nauyi. Tun 2019 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka riƙa kwarara cikin jihar Maraɗi, 'yan bindiga kuma suka fara tsallako iyaka suna satar shanu da mutane a wajajen Madarunfa da Gidan Rumji. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyaka, ƙasashen Turai da dama suka dakatar da tallafi, muka yi watanni ba mu iya zuwa ganin juna. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, ayyuka masu yawa suka tsaya cak a faɗin Afirka. Fararen motocin da suka saba tayar da ƙura a hanyar ƙauyen sun yi ƙaranci, kuma ba na murna da haka ko kaɗan, domin na san wa ke biyan kuɗin rashinsu: mai naƙuda da ta tarar babu magani a ɗakin shan magani, da yaro mai tamowa.

Zuwana na ƙarshe na tarar da Gwaggo ta tsufa, ido ya yi rauni, ba ta iya zama kan tabarma sai an jingina ta da bango. Na tambaye ta asusu. Ta ce yana nan, amma ta miƙa mabuɗinta ga surukarta, wadda ba a ba gamana ba, ita ce yanzu ke sayar da fura a bakin hanya. Ƙungiya ɗaya ta zama huɗu a garin, sababbin ukun kuwa tsofaffin ne suka koyar da su, ba wanda ya zo daga birni. Saboda tsoron 'yan bindiga sun daina barin kuɗi da yawa su kwana a akwati, duk abin da aka zuba ranar ake rantar da shi ko a mayar da shi hatsi, kuma sun bar gindin dogon yaro sun koma cikin gida.

Ranar Laraba na bi surukar. Akwatin nan ne dai, fentin ya kankare, an sauya kwaɗo ɗaya da sabo mai ruwan azurfa. Zubi ya koma dala ɗari. A gefen faifan kuɗin wata yarinya na zaune da littafin rubutu a cinyarta, tattaɓa-kunnen shugabar farko ce, tana aji biyar a lakwal, kuma ƙungiyar ce ke saya mata littattafai da sharaɗin ta riƙa yi musu rubutu. Aka kira suna, aka ƙirga da ƙarfi kamar da, sannan ta karanta abin da ta rubuta. Wata tsohuwa ta ce ba haka ba ne, wadda ke damanta jaka biyu ta ranta, ba uku ba. Yarinyar ta duba, ta goge da bayan fensir, ta gyara.